Jirginmu a Bakin Rijiya

Mu masu fito ne. Kakana fito ya yi a gulbin Rima, babana ma haka, ni ma na yi har gwiwoyina suka ce ya isa. Aikin shi ne ƙetare da mutane da kayansu idan damina ta cika gulbi, ran kasuwa kuma a haura da su ko a gangara. Mashigarmu tana kusa da Sabon Birni. Jirgi ɗaya gare mu, na maɗaci, sassaƙar gungume guda ba haɗi. Babana ya saye shi a hannun masassaƙan kudu tun ban san dama da hagu ba. Da ya rasu, shi ya bar mana ni da yayana, sai wata gona a tudu wadda rairayinta ya fi ƙasarta yawa.

Jirgin ba shi da girma. Idan mutanen gida ɗaya suka shiga da kayan kasuwarsu, ya cika. Kuma ba inda ka ga dama za ka zauna ba, mai jirgi ne ke raba wuri. Babana zai tsaya a baya da gwangwalarsa ta tura jirgi, ya dubi mutum sama da ƙasa kamar mai sayen rago, sannan ya nuna masa mazauninsa. Mai jiki a tsakiya, marar nauyi a gaba, mai tsoron ruwa kusa da shi inda zai iya take masa bakin riga don kada ya miƙe. Akwai wata mai daddawa, Allah ya yi mata jiki, kullum sai ta yi faɗa a kan me ya sa ita ce a tsakiya. Kullum babana zai ce mata ai tsakiya wurin manya ne. Ta san zolaya ce, mu ma mun sani, amma sai an yi ta ake tashi.

Abin da ya raba jirginmu da na sauran masu fito shi ne tabarma. Babana ya yi cin rani a bakin babban kogi can kudu, ya ga masu jirage suna ɗaura ƙyalle a sanda iska na tura su. Da ya dawo ba shi da ƙyallen ɓatawa, sai ya ɗauki tabarmar kaba, ya ɗaure ta a gwangwala, ya huda katako ya gicciya a jirgi ya kafa ta. An yi masa dariya har aka gaji. Amma idan ruwa ya malale fadama, iskar damina ta taso da hantsi, sai ya ɗaga tabarmarsa, ya miƙa wa wani fasinja igiya ya riƙe, shi kuma ya zauna yana gyara kan jirgi da filafili, wato itacen tuƙi. Daga nan babu sauran wahala. Kana jin ƙarar ruwa a gindin jirgi, kana jin kukan kirinjijiya, kana jin dakan mata daga ƙauyen da ba ka hango ba tukuna. Mukan ratsa ta cikin shinkafa mu sauke mutum a bakin gonarsa. Mukan tsaya wajen masunta mata su yi cinikin kifi. Idan muka zo daidai kufan Alkalawa, tsohon birnin kakanninmu, tsofaffi sukan rage murya, wasu su yi addu'a. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba za su shiga a mashiga, kafin a sauka sun gano kakanninsu garinsu ɗaya. Na san aure biyu da aka fara maganarsu a cikin jirgin nan.

Kwanan baya jikata ta nuna mini wani jirgin teku a waya, bene a kan bene, wai har da kasuwa da wurin wanka a ciki, mutane na biya don kawai a yi yawo da su. Na tambaye ta, matuƙin ya san sunayensu? Ta ce ina zai sani. Na ce to ruwan fa, suna iya miƙa hannu su taɓa shi? Ta ce daga hawa na nawa? Na mayar mata da wayarta. Ni na ga irin wannan tun tuni, ƙaraminsa dai na gani, a gulbinmu.

Wani attajiri ne ya kawo shi, shekaru kaɗan kafin fari. Jirgin ƙarfe, mai inji. A mota aka kawo shi gunduwa-gunduwa, aka haɗa a bakin gulbi, gari duk ya fito kallo. Ba ni rage masa komai: yana da sauri, yana ɗaukar jama'a da jakuna da buhuna a tashi ɗaya, abin da za mu wuni muna jigila. Ran kasuwar garin Isa mutane suka koma wajensa. Yayana ma ya koma can, yana lodi yana saukewa, ya bar ni da filafili. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na yi kwanaki ba na cin abinci tare da shi.

Sau ɗaya na shiga, don kada a ce ina zagin abin da ban sani ba. Injin ya hana kowa jin kowa. Na gai da wani dattijo da ke gefena, ya ga bakina na motsi, ya gyaɗa kai kawai. Hayaƙi na dawowa cikin idanu. Ba wanda ya nuna mini wurin zama, ba wanda ya damu ko na zauna. Saboda nauyinsa kuma ba ya matsawa gaɓa sai a wuri mai zurfi, don haka wata tsohuwa tana kallon rumbunan ƙauyensu suna wucewa, tana ɗaga hannu, ba a tsaya ba. Sai da aka kai ta can gaba ta sauka ta dawo a ƙasa da kaya a ka. Na sauka kunnena na ƙara. Tsofaffi da mata masu goyo da waɗanda ba su da gaggawa suka ci gaba da zuwa wajena, da su na riƙa ci da iyalina.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero na cikin bunƙasa, gulbi bai ko leƙa fadama ba. Jirgin ƙarfe ya yi 'yan makonni yana aiki, daga nan ya zauna a kan rairayi, bai sake tashi ba. Nawa ya ɗan ƙara kwana biyu, don ruwan da ya kai gwiwa ya ishe shi. Daga baya mutane suka naɗe wando suna ƙetarewa da ƙafa, suna ɗago mini hannu.

Wanda bai yi fito ba bai san cewa rana ce ke kashe jirgin itace ba. Idan ya bushe sai ya tsage, tsagar kuma bin jikin itacen take yi daga kai har gindi. Shi ya sa kowace shekara idan gulbi ya janye, masu fito sukan ja jiragensu zuwa gurbi, wato wuri mai zurfi da ruwa ke kwana har damina ta zagayo. A cika jirgi da duwatsu a nutsar da shi, ya yi rani a ƙarƙashin ruwa. Haka kakana ya yi, haka babana ya yi, ban taɓa jin an ce gurbin nan ya ƙafe ba. A rani na biyu ya ƙafe. Muka wayi gari jiragenmu na kwance cikin taɓo, yara na tsintar kifi a tsakaninsu.

Ba a daɗe ba suka fara tsagewa. Da tsakar rana kana tsaye za ka ji ƙara, ka san na wani ya tafi. Wani ya faskare nasa matarsa ta yi girki, wani ya yi ƙyauren ɗaki da nasa. Ni na ja nawa ƙarƙashin wani gawo, na shafe shi da laka, na rufe da tattaka, na shiga ɗebo ruwa ina yayyafa masa safe da yamma. Ruwan kuwa daga ramukan da ake tonawa a cikin gulbi ake samunsa, a bi layi, a jira ya tsattsafo. Ni kaɗai ba na iyawa, sai matata ta taya ni. Tulu ɗaya na gida, tulu ɗaya na jirgi. Duk da haka wata 'yar tsaga ta fito masa a kai, tsawon tafin hannu. Kullum sai na auna ta da yatsa.

A lokacin ne wani Bafulatani ya sauko daga arewa da shanunsa. Dattijo ne dogo, marar yawan magana. Shi da 'ya'yansa suka haƙa rijiya sosai a tsakiyar gulbi, suka kafe ta da itace, suka samu ruwa. Matsalarsa wurin zubawa. Ya gina komi na laka, shanu suka tattake. Ya gwada ƙore, suka farfasa. Wata rana ya zo ya tsaya a kan jirgina, ya ɗaga tattaka da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Washegari ya aiko cewa zai ba da buhunan dawa a ba shi jirgin ya yi komin shayarwa.

Yayana yana gida a lokacin, aikin lodi ya ƙare. A gidan kuwa mun kai ga hanza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ya same ni a zaure.

"Ka ji saƙon Bahillace?" ya ce.

"Na jiya."

"To mi kaka jira? Icce na. Ɗiyanmu na cin hanza, kai kana shayar da icce."

"Ba ni sai da shi, Yaya."

"Gulbin da za ka sa shi yana ina? Nuna min."

Na ce idan aka sayar, ran da ruwa ya dawo da me za mu ci? Maɗacin da zai yi irin wannan jirgi ya ƙare a ƙasarmu, ko an samu ba mu da abin saye. Ya ce sai wanda ya kai ranar ne zai yi wannan tunani. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙona ni. Muka ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Rabonsa na cikin jirgin, yana da ikon ya ce a sayar, amma bai kai ni gaban kowa ba. Ya fita ya bar ni ina huci.

Matata ce ta warware, kuma ba don son jirgin ba. Ta tsane shi a lokacin, wuyanta ya gaji da tulu. Ta shigo ta dire tulun a gabana har ruwa ya fallatsa.

"Malam, ni na gaji," ta ce. "Kai kana son a zuba mishi ruwa kullum. Bahillace na son wurin da za shi zuba ruwa kullum. Ka ba shi aro mana, shi shayar ma da shi, ni in huta."

Na buɗe baki za ni yi faɗa, sai na ga maganar tata dabara ce. Ita kuwa ta shige ciki tana mita, ba ta ma san abin da ta faɗa ba.

Na je na samu dattijon a bakin rijiyarsa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi dabbobi.

"Baffa, jirgi ba na saisuwa ba na," na ce. "Amma za ni ba ka aro."

Ya dube ni. "Bagobiri da aro? Mi ag ciki?"

Na faɗa masa sharuɗɗana. A binne shi rabi a cikin danshin da ke gefen rijiya, inda ruwa ke zuba. A yi masa rumfa. Kada rana ta taɓa samunsa babu ruwa a ciki, ko shanu sun sha ko ba su sha ba. A kafa itace a kewaye don kada su sa ƙafa. Ran da gulbi ya dawo kuma, in ɗauki abina. Ya yi ta zane da sanda a ƙasa. Sannan ya ce dawa ta saye ce, aro ba shi da dawa, amma muddin shanunsa na tatsuwa, ƙwaryar nono za ta riƙa zuwa gidana. Muka tafa a kan haka.

Labari ya kai wa yayana. Ya san ƙwaryar nono ba buhun dawa ba ce, ni ma na sani. Bayan 'yan kwanaki ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka bi motar kudu. Sai bayan shekaru ya dawo, kuma har ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da maganar ba. Tafiyarsa ta yi mini ciwo, har yau tana yi.

Bijimai biyu suka ja jirgin a kan rairayi zuwa rijiya, mutanen gari na biye suna kallo. Wani ya ce sarkin fito ya koma sarkin komi, sunan kuwa ya bi ni har kasuwa. Ranar farko da na ga shanu sun jeru sun tsoma baki a inda mai daddawa ke zama, kunya ta kama ni, na juya baya. Na yi ta tunanin me babana zai ce. Amma bayan kwanaki kaɗan na je na sa yatsa a tsagar nan, na tarar ta matse, ko farce ba ya shiga. Itacen ya yi baƙi, ya yi nauyi, ya koma yadda na san shi. Na koma gida ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani, matata ta ce in dai rage, ba ni na yi dabarar ba.

Nonon ya riƙe mana yara. Ba ya da yawa, tsarki ne mafi yawansa, wato mai ruwa-ruwa, amma idan aka dama da ɗan garin rogo suna kwana da abu a ciki. Ni da matata muka ci gaba da cin hanza da ganyen tafasa. Akwai ranakun da na zauna ina kallon wuyan ɗana na fari, na ce a raina yayana ne mai hankali, ni taurin kai ne kawai gare ni. Ban faɗa wa kowa ba.

Damina ta sake zuwa ba ta yi abin kirki ba. Ruwan da ya gangaro gulbi bai ko kai rijiyar ba, rairayi ya shanye shi a hanya. Shanun dattijon suka fara faɗuwa. Saniya za ta durƙusa ta kasa tashi, a taru a ɗaga ta, gobe ta sake durƙusawa. Mahauta suka daina saye, nama ya yi yawa ba mai ci. Layin da ke bakin jirgi ya riƙa raguwa. Wata safiya ya zo gidana da kansa, hannunsa babu ƙwarya, ya tsuguna a ƙofar zaure.

"Nono ya ƙare," ya ce. "In kana son jirginka, ka ɗauka."

"In kai shi ina, Baffa? Bar shi nan."

Abin da ba ni mantawa shi ne, ko bayan shanun sun koma 'yan kaɗan, bai rage ruwan da yake zubawa ba. Rijiya ta yi zurfi, 'ya'yansa sun tafi neman abinci, shi kaɗai ke jan wasaki, gugan fata, da hannuwan nan nasa da suka koma ƙashi. Rabin jirgi ya ishi dabbobin da suka rage, amma sai ya cika shi har baki. Na ce masa ya rage wahala. Ya ce ba haka muka yi da kai ba.

Daga ƙarshe ya ga in ya zauna ba abin da zai saura. Ya cika jirgin, ya yi mini sallama, ya kora 'yan shanunsa ya ƙetare gulbi ya yi kudu. Jan ruwa ya dawo kaina da matata. Ba mu da ƙarfinsa, wata rana kwatan jirgin kawai muke iya zubawa. Tsagar ta sake buɗewa, wannan karon ta wuce kamu ɗaya, wata kuma ta fito a gefe. A lokacin attajirin ya riga ya sayar wa maƙera jirgin ƙarfe, suna yanka shi suna ƙera hauya da galma. Na je wajen wani maƙeri abokina, ya yi mini 'yan ƙusoshi masu baki biyu daga ƙarfen. Na cusa tsumma da ƙaro a tsagogin, na ɗinke su da ƙusoshin. Maƙerin ya ce to ga shi babba ya yi wa ƙarami rana. Na ce ai da ma abin da ya fi dacewa da shi ke nan.

Ruwan gulbinmu ba lallai sai an yi sama a kanmu yake zuwa ba. Idan aka yi ruwa sosai can kudu, sai ya taho a kan busasshen rairayi, kumfa da karare a gabansa. Wata ranar kasuwa, bayan an fara samun hadari, masu dawowa daga Isa suka ce ruwa ya wuce can, mai yawa ne, yana tafe. Jirgina na binne a tsakiyar hanyarsa. In ya same shi a haka, rairayi zai rufe shi, ko a haƙa shekara ba a gano inda yake ba.

Na bi gida-gida. Mutanen da suka yi mini suna su ne suka fito da hauyoyinsu, duk da ba wanda ya ƙoshi. Muka tone shi, muka kwalfe ruwan ciki, muka ɗaura igiya. Babu bijimai yanzu. Maza na ja, mata na turawa, a ja kaɗan a zauna a huta. Mun kai shi gindin gaɓa ke nan muka hango kumfar. Na ɗaure igiyar a saiwar gawo, na hau gaɓa na tsaya tare da jama'a. Ruwan ya zo ja wur, ya shafe rijiyar, ya kewaye jirgin. Jirgin ya daɗe bai motsa ba. Sai gindinsa ya ɗaga, ya juya a hankali, igiya ta miƙe. Matata ta yi guɗa, ita da ta ce ta tsane shi.

Amma tashi daban, ƙetarewa daban. Washegari gulbi ya cika gaɓa da gaɓa, kuma duk mashigarmu babu wani jirgi sai nawa. Mutane suka taru suna son haye, wasu gonakinsu na can, wasu 'yan'uwansu. Sai dai kowa ya leƙa ya ga ɗinki, ya ga ruwa na tsattsafowa ta gefe, ya ja baya. Wani ya ce komin shanu ne, shi ba ya sayar da ransa. Wani ya ce a bari a gani tukuna. Na yi ta kiran mutane da sunayensu, kowa na kallon ƙasa. Raina ya ɓaci. Shekara da shekaru na wahala, na rasa ɗan'uwa a kansa, ga ruwa ga jirgi, an rasa mai shiga.

A can ɗaya gaɓar akwai masu jira su ma. Na hango wani dogo a gefe shi kaɗai, da dabba ɗaya. Na kwance igiya na tura jirgin ni kaɗai. Ruwan na da ƙarfi, hannuwana sun manta aiki, na sauka can ƙasa da inda na nufa. Kafin in isa ruwa ya rufe mini tafin ƙafa a ciki. Na ja jirgin na hauro da shi ta gefen gaɓa.

Dattijon Bafulatanin nan ne. Ya ƙara ramewa. Yana komawa arewa ne gulbi ya tare shi. A hannunsa igiyar wata karsana ce fara, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje. Muka gaisa. Na tambayi iyali, ya ce suna baya. Ban tambayi dabbobi ba.

Muna cikin gaisuwa karsanar ta fizge igiya. Ta bar gulbi guda a gabanta, ta nufo jirgin kai tsaye, ta tsoma baki a ciki ta hau shan ruwan da ya tsattsafo. Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Dattijon bai yi ba.

"Ta san shi," ya ce. "Nan ciki ta koyi shan ruwa."

"Za ka shiga, Baffa? Yana yoyo. Mutanen garinmu sun ƙi."

Ya tattare rigarsa ya shiga. Na nuna masa tsakiya. Saniya ba ta shiga jirgi, iyo take yi a gefe, mai ita na riƙe da igiya, kuma yawanci sai an yi dambe kafin ta yarda ta faɗa ruwa. Wannan ba ta yi gardama ba. Da jirgin ya matsa ta bi shi. Da ƙasa ta ƙare mata ta ɗora haɓarta a bakinsa, tana huci, tana bin mu.

Muka kai tsakiya inda ruwa ya fi ƙarfi. Ɗinkin gefe ya fara zubowa sosai, ruwa ya kai idon sawu. A gabanmu mutanen gari sun zuba mana ido daga kan gaɓa. Ba ni iya sakin filafili, sai na tura masa ƙwarya da ƙafa.

"Baffa, ɗauki ka kwalhe. Ka daɗe kana zuba mishi ruwa, yau hid da shi za ka yi."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har hawaye na bin gemunsa. Hannu ɗaya na riƙe da igiyar karsana, ɗaya na kwalfar ruwa, bai daina dariyar ba har gindin jirgi ya taɓa rairayi. Kafin ya gama fitowa, mai daddawa ta ture mutane ta sa ƙafa a ciki. Ta rame ta zube, rabin yadda na san ta ma ba ta kai ba. Ta tsaya tana jira in nuna mata wuri, na nuna mata gaba.